Ƙarfen da Rairayi Ya Ci: Lacca kan Gyaran Tsofaffin Injinan Noma a Adar

Iyayenmu sarakuna da malamai, Sarkin Maƙera da jama'arsa, masu walda da bakanikai na cikin garin Tawa, manoma da makiyayan da suka taso tun daga Takanamat da ƙauyukan arewa, da ku ƴan koyo da kuka cika bayan zaure, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya zaga bayan garejojin garuruwan jihar nan ya san abin da zan yi magana a kai. Tarakta ce zaune a kan duwatsu, tayoyi sun fashe, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Injin ban ruwa ne jingine a zaure, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Injin sussuka ne da aka yi damina biyu da shi aka ajiye. In ka tambayi mai abin, ce maka zai yi ya mutu. In ka naɗe hannun riga ka bincika, sau da yawa za ka tarar injin da ransa, akwatin giya lafiya lau, abin da ya kwantar da shi bai fi tafin hannu girma ba. Wata sanda ce ta siranta, ko wani rami ya faɗaɗa, ko bakin da ke shiga ƙasa ya dakushe. Maganar da na zo da ita ke nan: irin wannan cinyewa tana gyaruwa a nan ƙasarmu, da hannun mutanenmu, amma da sharaɗi. Wanda ya cike wurin da ya cinye, bai tsaya ya gano abin da ya ci shi ba, kuɗin mai inji kawai ya karɓa. Injin zai dawo masa kafin kaka.

Mu fara da mai cin. Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812. Ma'aunin ya tashi daga 1 zuwa 10, kuma ƙa'idarsa mai sauƙi ce: abin da ke sama yana karce na ƙasa da shi. Ƙwayar rairayi tana mataki na 7. Ƙarfen da muke yin faranti da kusoshi da ƙofofi da shi yana tsakanin 4 da 5. Ko magagari, da duk taurinsa, bai cika kai wa 7 ba. Ke nan rairayin jigawar Takanamat ya fi kusan duk ƙarfen da ke jikin tarakta tauri. Yawancin injinan nan an ƙera su ne don ƙasashe masu laka da danshi. Mu kuwa muna da wata takwas ko fiye na rani, da hazon hunturu, da guguwar da ke share fage kafin ruwan farko. Injin da zai shekara ashirin a can bai nuna gajiya ba, a nan ƙura tana aikinta a kansa dare da rana.

Inda ta fi ɓarna shi ne inda ba a ganinta. Ku ɗauki sandar da ke juyawa a cikin boris, ko a injin niƙa, ko a injin sussuka, ko a gatarin amalanke. A bakin boris akwai ƴar roba da aikinta shi ne ta riƙe giris a ciki ta hana ƙura shiga. Zafin rana yana busar da robar, ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ƙura ta haɗu da giris, abin da aka zuba don ya sa santsi ya koma abin gurza ƙarfe. Ƙwallayen boris su yi ta ci har su cije. Daga nan zoben cikin boris, wanda ya kamata ya kama sanda kam-kam, sai ya tsaya cik, sandar ta ci gaba da juyawa a cikinsa tana sirancewa. Mai inji ya ji ƙara, ya sayi sabon boris, ya sa, ya ga yana lilo a jikin sandar.

A nan ne ake gane gwani. Kun san dabarun gaggawa, ba sai na koya muku ba. Wani ya yanko gwangwanin tumatir ya naɗa wa sandar. Wani ya ɗauki kurfi ya sassara jikinta don ta yi kaushi ta kama. Wani kuma, wanda ya fi su ɓarna, ya ɗiga walda ya manne boris da sandar gaba ɗaya. Na farko da na biyu suna iya kai mutum gida in abin ya same shi a daji, ban hana ba. Na uku kuwa kashe sabon boris ne tun kafin ya fara aiki, domin zafin walda yana sauke taurin ƙarfensa, wutar da ta ratsa ƙwallayen kuma tana bar musu ƙananan tabo da za su zama mafarin wata cinyewar.

Gyaran gaskiya yana farawa da awo. A wanke sandar tas, a auna kaurinta a inda ba ta ci ba da inda ta ci, a rubuta. A ɗan rage wurin da ya ci har a kai ga ƙarfe mai tsabta, don waldar ta sami wurin zama. Sannan a fara cikewa, kuma a nan ake son haƙuri. In ka bi gefe ɗaya kana ta zuba walda, gefen zai yi zafi, in ya huce ya tsuke ya ja sandar ta lanƙwashe, ko da idonka bai gani ba. Sai ka ja layi ɗaya a nan, ka juya sandar ka ja wani a daidai bayansa, ka bari ta sha iska, ka koma. Kada a tsoma ta a ruwa don sauri. In an cike ta ta ɗan fi asalin kaurinta, sai a kai ta wurin mai injin fere ƙarfe ya dawo da ita daidai awo. Bambancin da ke tsakanin boris mai kamawa da mai lilo bai kai kaurin gashin kai ba. Giranda da ido ba za su ba ka wannan ba, komai gwanintarka. Kuma in a jikin inji za ka yi walda, ka cire batir, ka maƙala wayar ƙasa kusa da inda kake aiki, don kada wuta ta bi ta cikin wani boris tana neman hanya.

To, an gama, sanda ta yi kyau. Saura tambayar da aka fi tsallakewa: me ya kashe boris na farko? In robar ce, an sa sabuwa? In bel ne aka ɗaure tamau, an sassauta shi? Bel mai tsauri yana jan sanda gefe guda kullum, boris ba ya jure wannan. In faifan da bel ke hawa ne bai yi saiti da ɗan'uwansa ba, an miƙa zare an duba? Sannan gwangwanin giris da ke ajiye a buɗe a gindin bishiya, iska na kaɗa masa rairayi, yaro ya lakato da yatsa ya cusa a boris: da wannan, mu da kanmu muke ɗura wa inji abin da zai ci shi. Rufe gwangwanin ba ya cin ko dala. Haka matatar iska. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da matata mai kwanon mai a ƙasa, ƙura ta faɗa cikin man ta kwanta. A lokacin aiki cikin ƙura kullum ya kamata a duba kwanon. In aka bar shi ya cika da laka, ƙurar ta wuce cikin injin, ta ci zoben fistan, sai hayaƙi da shan mai.

Ramin da fin ke motsi a ciki kuwa, kamar inda garma ke haɗuwa da tarakta, in ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai, sauya fin kaɗai ba ya magani. A buɗe ramin ya koma zagaye sosai, a fere masa bushi a dasa. Gaba in ya sake ci, bushin ne zai ci, a cire a sa wani.

Bakin garma da haƙoran da ke keta ƙasa su dole ne su ci, aikinsu ke nan. Maƙeranmu sun daɗe da gano cewa sifirin tsohuwar babbar mota ya fi kowane ƙarfen banza dacewa da baki, saboda yana karɓar tauri in an ƙona shi an tsoma. Akwai kuma sandar walda ta musamman mai barin ƙarfe mai tauri ƙwarai a kan fuska. Tana da tsada, shi ya sa ake son a san yadda ake cin moriyarta: a shafa ta a fuska ɗaya ta bakin kawai. Fuskar da ba a shafa ba ta fi saurin ci, don haka bakin yana wasa kansa yana aiki.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙarfen zubi, domin a nan ake asarar kaya masu tsada. Gidan boris, gangar jikin famfo, akwatin giya, yawancinsu ƙarfen zubi ne, wanda aka narka aka zuba a mazubi. Sinadarin gawayin da ke cikinsa ya wuce kashi 2 cikin ɗari, alhali na ƙarfen faranti bai kai kashi ɗaya cikin uku na kashi 1 ba. Wannan ne ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. In ka sa masa sandar walda ta yau da kullum, irin mai lamba 6013 da ke kowane shago, waldar za ta yi kyau a ido, kana juya baya ka ji ƙas, ya tsage a gefenta. Kafin ka kunna wuta, ka taɓa ƙarfen da giranda ka dubi tartsatsi. Ƙarfe mai laushi yana ba da dogayen layuka masu haske. Sifirin yana ba da tartsatsi mai fashewa da rassa da yawa. Ƙarfen zubi kuwa nasa gajere ne, ja-ja, ba ya nisa. In ka tabbata shi ne, ka huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ka buɗe bakinta, ka ɗumama kayan gaba ɗaya a kan gawayi, ka nemi sandar walda ta nikel. Ka riƙa yin gajeren layi kana bubbuga shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi. In ka gama, ka binne shi cikin toka mai ɗumi ko busasshen rairayi ya kwana. Kun lura rabin wannan aiki na maƙeri ne. Shi ya san wuta da gawayi, shi ya san launin ƙarfe in ya yi zafi. Mai walda da ya raina maƙera ya rage wa kansa ilimi.

Akwai kuma abin da ba a gyarawa, kuma ina roƙonku da girman Allah ku riƙe wannan. Wuƙar da ke juyawa da gudu, ko gudumomin injin daddatsa kara, in sun tsage, a jefar. In sun ci, a sauya su tare, masu nauyi ɗaya, domin in gefe guda ya fi nauyi injin zai yi ta rawa har ya karya sandarsa, guntun da ya ɓalle kuma ba ya zaɓen wanda zai sama. Sandar bayan tarakta da ke juya injina tana yin juyi 540 a minti ɗaya, wato tara a daƙiƙa guda. Mu masu babbar riga da rawani ne. In ta kama gefen tufa, babu wanda ke da saurin kashe inji. Murfinta da ake cirewa a yar don ya hana sauri, a mayar da shi. Kada a kai wuta kusa da tankin mai ko gangar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko an ce ta shekara babu komai a ciki. Ku iyayen gida, yaron da kuka bari yana walda da tabarau na kasuwa, idonsa amana ne a wuyanku. Ƙarfe mai farin shafi irin na kwanon rufi da bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, madarar da ake sha bayan aiki ba ta kare huhu. A kankare shafin, a yi aikin a fili.

Wani zai ce wannan duk ilimin Turawa ne. Adar ta san ƙarfe tun kafin mota ta taka ƙasar nan. Kakannin maƙeranmu da kansu suke haƙo tama su narka ta, har wata masaniya Bafaranshiya, Nicole Échard, ta zauna cikinsu a shekarun 1960 ta ɗauki aikin narkar a fim. Narkar ta mutu da tarkacen motoci suka yawaita, amma hannun bai mutu ba. A cikin garin nan aka kafa ACREMA, ma'aikatar ƙera kayan noma da gyaransu, inda aka yi ta fitar da amalanke da garmar shanu da famfon rijiya na hannu. Bayan farin 1984, a babban aikin Keita da aka yi da taimakon Italiya da hukumar FAO, manyan injina sun keta fako, mata da maza sun jera duwatsu, an dasa miliyoyin itatuwa. Manoman Ilela da Badagishiri kuma sun farfaɗo da fako da ramukan tassa, da ƙarfen hannu kawai. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan a kan baki mai kaifi ya tsaya, kuma wani ne ya wasa bakin, ko da ba a rubuta sunansa a rahoto ba.

Ni ban ce tarakta ce maganin kowace gona ba. A jigawar arewa, inda ƙasa ba ta da nauyi, garma mai zurfi tana buɗe wa iska ƙofa ta kwashe albarkar gona, hauya ta fi mata. Wurin tarakta fako ne da fadama da jan kaya. Don haka a Takanamat injinan da rayuwa ta fi rataya a kansu su ne injin niƙa, da famfon rijiya, da amalanke, da babur. In famfon gari ya tsaya saboda ƴar sanda, mata da yara ne ke biya da ƙafafunsu, dabbobi kuma da ƙishirwa.

Ku dubi kuma inda kayan gyara ke fitowa. Da yawa ta Ƙonni suke shigowa, daga Sakkwato da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har cikin Maris na 2024, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga can. Kowane mai gareji a zauren nan ya san yadda ya sha a watannin nan. Wanda ya iya cike sanda da fere bushi ya ci gaba da aiki in ya sami man janareta. Wanda sana'arsa cire tsoho sa sabo ce kawai ya zauna jiran hanya.

Har a ƙasashen da kaya ke zube, tsohon inji yana da masu ƙaunarsa. A Amurka akwai ƙananan taraktoci da ake hawa a aske ciyawar ƙofar gida. Mu abin zai ba mu mamaki, tunda a Adar ciyawa dukiya ce, da lauje da manjagara ake tara ta a kai kasuwa. Kamfanin International Harvester ya fito da nasa, Cub Cadet, a 1961, John Deere ya biyo baya a 1963. A ƙarƙashin cikinsu akwai faffaɗan kasko na ƙarfe da wuƙaƙe ke juyawa a ciki, kowace a kan sandarta, bel na jan su. Ciwonsu irin namu ne: boris ya ci, sanda ta siranta, rami ya faɗaɗa. Har yau akwai masu riƙe da na shekara hamsin, suna cikewa suna ferewa. Manyan taraktocin zamani kuwa kwamfuta ke tafiyar da su, wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai da manhajar kamfani. Abin ya kai jihar Kolorado ta yi doka a 2023 da ke ba manomi haƙƙin samun abin da zai gyara injinsa da shi, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kai John Deere kotu kan wannan batu. Tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, ba ta neman izinin kowa kafin a buɗe ta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an sassare irinta an ɗora a sikelin ƴan jari bola. Akwatin giyar da aka sayar da kuɗin kilo zai iya tayar da wata taraktar da ke kwance a ƙauye na gaba. Ina girmama masu wannan sana'a, abincinsu suke nema. Mai injin ne ya kamata ya kira bakanike ya kwance abin da ke da amfani kafin a kira mai sikeli.

Ga magadan gari da masu kula da cibiyoyin koyon sana'a, roƙona ƙarami ne. Injin walda ya yawaita, kusan kowace kasuwa akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci a karkara shi ne injin fere ƙarfe da ma'aunin kauri, da wanda ya iya karanta shi. Mutumin Takanamat bai kamata ya kwana biyu a Tawa saboda ƴar sanda ba. In za a sayo sababbin injina a raba, a ware wani abu daga cikin kuɗin don injin fere ko da guda ɗaya, a koya wa yara awo da lissafin milimita tare da riƙon sandar walda, a sa ƴaƴan maƙera a sahun gaba. Ku kuma masu injina, kada ku jira hadarin farko ya taso sannan kowa ya yi layi a ƙofar mai walda yana cewa yau-yau yake so. Sandar da aka cike da gaggawa ita ce ke lanƙwashewa. Da an gama kaka, a wanke inji, a girgiza kowace sanda da hannu a ji ko tana lilo, a kwance abin da ya ci a kai gyara tun cikin sanyi, sauran a shafa musu giris a rufe.

Wanda ya zo da ƙarfen da ya ci, ya fito da shi gaba mu duba tare.